Jagora kan ma'anar "opt out" a Turanci da yadda ake amfani da shi daidai

Da wuya a samu mai riƙe da wayar hannu a Nijeriya wanda bai taɓa karɓar saƙon Turanci daga kamfanin layi ko daga banki ba, wanda a ƙarshensa aka rubuta cewa idan mutum yana so ya yi "opt out" sai ya aika da kalma kaza zuwa lamba kaza. Yawancinmu mukan karanta mu wuce, domin a ganinmu abin da ba mu nema ba bai shafe mu ba, sai bayan an zare wani abu daga kuɗin katinmu sannan mu koma mu sake duba saƙon da idon basira. Na daɗe ina lura da cewa ɗalibai da ma'aikata da yawa, har da waɗanda Turancinsu ya nuna, suna fassara wannan furuci da "ƙin yarda" ko "fita" kurum. Fassarar ba ƙarya ba ce, amma ta bar rabin ma'anar a baya, kuma rabin da ta bari shi ne wanda ke taɓa aljihun mutum da haƙƙinsa. Saboda haka za mu bi furucin daki-daki, daga asalinsa zuwa ginin jimlarsa, har zuwa yadda mutum zai rubuta shi da hannunsa a takardar aiki.

Mataki na farko: raba furucin gida biyu

"Opt out" yana cikin rukunin da malaman nahawun Turanci ke kira "phrasal verb", wato aikatau da ake jingina masa wata 'yar ƙaramar kalma kamar "out" ko "in" ko "up", sai su biyun su haifar da ma'ana guda. Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, domin harshenmu ma yana yin irin wannan aiki, sai dai ta wata hanya. Mu ƙarshen aikatau muke sauyawa: daga "saya" mu samu "sayo" da "sayar" da "saye", daga "fita" mu samu "fito" da "fitar" da "fice". Inda Hausa ke juya wasalin ƙarshe, Turanci yakan bar aikatau yadda yake, ya ɗora masa ƙaramar kalma a gaba. Wanda ya riƙe wannan kwatanci zai daina kallon waɗannan ƙananan kalmomi a matsayin ado, domin su ne ke nuna inda aikin ya dosa.

Kalmar "opt" ta shigo Turanci ne daga Faransanci, inda ake cewa "opter", ita kuma ta samo asali daga kalmar Latin "optare", mai nufin zaɓa ko so. Daga wannan saiwa ce aka samu "option", wato zaɓi, da "optional", wato abin da ba dole ba, kalmomin da duk wanda ya taɓa cike fom ko ya zauna jarrabawa ya san su. Ita kuwa "out" ma'anarta waje. Idan aka haɗa su sai a samu "zaɓar zama a waje". Abin lura shi ne zaɓi ne ginshiƙin furucin. Wanda aka kora bai yi "opt out" ba, haka ma wanda rashin lafiya ta kwantar da shi har ya kasa zuwa, haka ma wanda ya manta. Dole ne ya kasance mutum ya duba, ya auna, sannan da hankalinsa ya ce ban da shi.

Mataki na biyu: gane sharuɗɗa biyu da ke ƙarƙashin ma'anar

A nan ne ya kamata mai karatu ya fi daɗewa, domin idan wannan mataki ya zauna sauran duk masu sauƙi ne. Idan Bature ya ce "opt out", galibi abubuwa biyu ne a ransa waɗanda bai furta ba. Na farko, akwai wani tsari da aka riga aka shimfiɗa, wanda ko dai an saka mutum a ciki tun farko, ko kuma ana sa ran zai shiga kamar yadda kowa ya shiga. Na biyu, tsarin da kansa ya bar ƙofa a buɗe, ya ba mutum damar fita ba tare da an ɗora masa laifi ba. Wato fita ce da izini, wadda dokar wurin ta san da ita.

Mu ɗauki misalin adashi a ma'aikata. A ce ma'aikatan wani ofis sun saba zuba adashi duk ƙarshen wata, kuma al'adarsu ita ce da zarar zagaye ya ƙare sai a fara sabo da sunayen da ke cikin tsohon, sai fa wanda ya zo ya ce a cire shi. Idan zagaye ya cika, kowa ya kwashi nasa, sai wata ma'aikaciya ta je wurin uwar adashi ta ce a wannan karon ba za ta shiga ba, to abin da ta yi shi ne "opt out", kuma babu mai ganin baƙinta. Amma idan ta bari aka fara, ta kwashi nata a wata na biyu, sannan ta daina zubi, wannan ba "opt out" ba ne ko kusa, cin amana ne, kuma Turanci yana da wasu kalmomi dabam da yake kiran irin wannan da su, waɗanda za mu zo kansu a gaba.

Daga misalin adashin za a ga abin da ya fi muhimmanci: wadda ba ta ce komai ba tana ciki. Hausawa na cewa shiru ma magana ce, kuma a duk tsarin da aka gina kan "opt out" shirun mutum amincewa ake ɗaukarsa. Kishiyarsa shi ne "opt in", inda ba a saka kowa sai wanda ya ɗaga hannu ya ce a sa da shi, a nan kuma shiru yana nufin ba ka ciki. Saboda haka tambayar farko da mutum zai yi wa kansa duk lokacin da ya ga ɗaya daga cikin furucin nan biyu a takarda ita ce: idan na naɗe hannu ban yi komai ba, ina zan tsinci kaina, ciki ko waje? Amsar wannan tambaya ta fi duk wata fassarar ƙamus amfani.

Game da fassara zuwa Hausa, babu kalma guda da ta ɗauke nauyin duka, sai dai a duba wurin. A maganar baka "ban da ni" ko "a cire ni" ko "ba na ciki" sun wadatar. A rubutu na hukuma "janye jiki daga tsari" ko "zaɓar ƙin shiga" sun fi dacewa. "Tsame hannu" yana da kyau idan mutum ya riga ya fara taɓa abin. Ni dai ba na son a fassara shi da "zamewa" ko "sulalewa", domin waɗannan suna ɗauke da ƙamshin ɓoye-ɓoye da gudun nauyi, alhali mai "opt out" a fili yake sanar da matsayinsa.

Mataki na uku: gina jimla da shi

Abu na farko shi ne "opt out" aikatau ne ƙi-karɓau a asalinsa, wato yana iya tsayawa shi kaɗai ba tare da an ambaci abin da aka fita daga cikinsa ba, matuƙar mai sauraro ya san zancen da ake yi. Ana iya cewa "Ten workers opted out", ma'ana ma'aikata goma sun zaɓi kada su shiga, a tsaya a nan, jimla ta cika.

Idan kuwa ana so a ambaci abin, to wajibi ne a sa "of" a tsakani. Ana cewa "She opted out of the scheme", wato ta janye daga shirin. Kuskuren da na fi gani a rubutun ɗalibai shi ne yar da wannan "of", sai su rubuta "She opted out the scheme", wanda ba daidai ba ne. Kuskure na biyu shi ne sa "from" a gurbinsa, kuma dalilinsa a bayyane yake: a Hausa muna cewa "fita daga", kuma tun a firamare aka koya mana cewa "daga" ita ce "from", sai hannu ya tafi can da kansa. Za a iya cin karo da "opt out from" jefi-jefi a rubutun intanet, amma abin da ƙamusoshi suka kawo kuma malamin da ke duba takardar WAEC ko NECO yake tsammani shi ne "opt out of". A haddace kalmomin uku a dunƙule tamkar kalma ɗaya, shi ne maganin abin.

Idan abin da ke biye da "of" aiki ne ba suna ba, sai a ƙara wa aikatau ɗin "ing". Ana cewa "He opted out of attending the dinner", wato ya zaɓi kada ya halarci liyafar. Ba a cewa "opted out to attend", kuma haɗarin wannan kuskure ya wuce na nahawu, domin akwai wani gini na dabam, "opt to", wanda ke nufin zaɓar yin abu. "He opted to attend" yana nufin ya zaɓi ya halarta, wato kishiyar abin da ake son faɗa ke nan. Akwai kuma "opt for", wanda suna ke biye da shi, kamar a ce "She opted for the morning class", ma'ana ta zaɓi ajin safe. Gine-gine huɗu ke nan daga saiwa ɗaya: "opt for" da "opt to" na zaɓar abu ne, "opt in" na shiga ne, "opt out of" na fita ne. Wajen "opt in" idan za a ambaci abin sai a ce "opt in to" ko "opt into", duka biyun ana rubuta su.

Sauyin lokaci a kan "opt" kaɗai yake faɗawa, "out" ba ta motsi. Shuɗaɗɗen lokaci "opted out", aikin da ke gudana "opting out", idan mai aikin mutum ɗaya ne da ake magana a kansa, wato "he" ko "she", a lokacin sabo "opts out". Ba a ninka harafin "t", kuma ba a taɓa liƙa "ed" a jikin "out".

Akwai wani amfani da ya yaɗu a harshen kamfanonin sadarwa da na intanet, inda ake saka wakilin suna a tsakiya, kamar "Please opt me out" ko "We have opted you out", ma'ana a cire ni, ko mun cire ka. Ana fahimtarsa, kuma a saƙon waya zuwa ga ma'aikatan kula da abokan ciniki babu laifi a yi amfani da shi. Amma shawarata ga ɗalibi ita ce ya guje masa a jarrabawa da takardar neman aiki, ya tsaya kan "I would like to opt out", domin wannan ne ginin da babu mai jayayya a kansa.

Mataki na huɗu: bambanta aikatau da suna, sannan a gyara furuci

Idan furucin aikatau ne, kalmomi biyu ne a rabe, babu komai a tsakaninsu. Idan ya koma suna ko sifa sai a sa masa karan ɗori, ya zama "opt-out". Ana cewa "an opt-out clause", wato sakin layi a yarjejeniya da ya ba da damar janyewa, ko "an opt-out system", wato tsarin da kowa ke ciki sai wanda ya nemi fita. Jam'insa "opt-outs" ne, harafin jam'i a ƙarshe yake zama. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a duba ko za a iya sa "an" ko "the" a gabansa: idan za a iya, to suna ne, a sa karan ɗori.

Wajen faɗa da baki akwai tarko biyu da ke kama Bahaushe. Harshenmu bai raba sautin "p" da na "f" ba, shi ya sa "opt" ke fitowa kamar "oft" a bakin mutane da yawa. Maganinsa a rufe leɓɓa ruf kafin a saki iska. Tarko na biyu shi ne haɗuwar baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma, abin da Hausa ba ta saba da shi ba, sai a ji mutum ya cusa wasali ya ce "opti". Dabarar ita ce a ɗauke "t" ɗin a kai shi farkon kalma ta biyu, a faɗa kamar "op-taut", wanda haka masu harshen ke yi idan suna magana da sauri. A aikatau nauyin murya kan "out" yake sauka, a suna kuma kan "opt". "Opted" kuwa gaɓa biyu ce, "op-tid".

Mataki na biyar: raba shi da 'yan'uwansa

Turanci yana da tarin furuci masu ƙarewa da "out" waɗanda duk suke zagaye da ma'anar barin abu, kuma masu shirya tambayoyin JAMB da WAEC suna son jera su a matsayin zaɓi domin su ga wanda ya san bambanci. Abin da ke raba su shi ne lokacin fitar da kuma yadda jama'a ke kallon mai fitar.

"Back out" shi ne wanda aka fi rikita shi da namu, kuma shi ne mafi haɗari. Ana amfani da shi ga wanda ya riga ya yi alkawari ko ya ƙulla ciniki sannan ya ja da baya, kamar wanda aka yi cinikin fili da shi, aka sa ranar biya, ranar ta zo ya ce ya fasa. Akwai zargi a cikinsa. Idan ka rubuta wa shugabanka a wurin aiki cewa kana so ka yi "back out of" wani shiri, alhali shirin na ganin dama ne kuma ba ka taɓa yin alkawari ba, ka ɗora wa kanka laifin da ba ka yi ba. Na taɓa ganin takardar wani ƙanena da ya rubuta haka game da wata gudummawa ta ganin dama a wurin aikinsu, kuma na sa shi ya sake ta tun kafin ya miƙa, domin kalma ɗaya ta mayar da mai amfani da haƙƙinsa mai saɓa alkawari.

"Drop out" na wanda ya fara abu mai tsawo ne ya bari a tsakiya, musamman karatu ko tsere, kuma sau da yawa ba da son ransa ba, ko don rashin kuɗin makaranta ko don gajiya. "Pull out" ya fi zama a bakin 'yan jarida, ga ƙungiya ko kamfani ko ƙasa da ta janye daga gasa ko tattaunawa ko kasuwa bayan ta riga ta shiga. "Bow out" janyewa ce cikin mutunci, irin ta dattijon da ya daɗe yana riƙe da muƙami ya ga lokaci ya yi da zai ba na baya wuri. "Sit out" na ɗan lokaci ne, kamar ɗan wasan da ya zauna a benci wasa ɗaya zai dawo a na gaba. "Chicken out" kuwa ba'a ce, tana nufin tsoro ne ya hana mutum, kuma ba ta da gurbi a rubutu na hukuma.

Akwai kuma "turn down" da "decline", waɗanda ake amfani da su idan tayi aka yi wa mutum shi kaɗai, kamar tayin aiki ko gayyatar biki. Ba a cewa mutum ya yi "opt out of" tayin aiki, domin babu wani tsari da aka riga aka saka shi a ciki, miƙo masa aka yi ya ce a'a.

Mataki na shida: karanta shi a inda yake aiki da gaske

Furucin ya yi ƙaurin suna a siyasar Turai a farkon shekarun 1990. Lokacin da ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Maastricht a 1992, wadda ta kafa Tarayyar Turai, Birtaniya ƙarƙashin Firayim Minista John Major ta samu "opt-out" daga shirin kuɗin bai-ɗaya, shi ya sa ta ci gaba da amfani da fam ɗinta har ta bar Tarayyar a 2020 ba ta taɓa karɓar yuro ba. Mutanen Denmark kuwa sun ƙi yarjejeniyar a ƙuri'ar raba gardama ta watan Yunin 1992, sai aka zauna a Edinburgh a watan Disamba na shekarar aka ba su damar tsame kansu daga fannoni huɗu, ciki har da kuɗi da tsaro, sannan suka amince a watan Mayun 1993. A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, sun sake jefa ƙuri'a suka soke janyewar da suka yi daga fannin tsaro. Wannan misali yana koyar da wani abu game da kalmar: mai "opt out" ba lallai ne ya bar gidan gaba ɗaya ba, yana iya zama a cikin ƙungiya ya tsame kansa daga sashe ɗaya, kuma yana iya komawa daga baya.

A fannin lafiya, yankin Wales na Birtaniya ya koma tsarin "opt-out" wajen bayar da sassan jiki bayan mutuwa a watan Disambar 2015, Ingila ta bi sahu a watan Mayun 2020, Scotland a 2021. Ma'anarsa ita ce ana ɗaukar baligin da ke zaune a can a matsayin wanda ya yarda a yi amfani da sassan jikinsa, sai idan ya rubuta cewa bai yarda ba, ko da yake har yanzu ana tuntuɓar iyalai. Duk ɗan'uwanmu da ya je can karatu mai tsawo ko aiki ya kamata ya san da wannan, ya yanke shawararsa bisa fahimtarsa da abin da ya yi imani da shi, ya kuma sanar da iyalinsa.

Haka abin yake a fanshon ma'aikata a Birtaniya, inda tun 2012 aka fara saka ma'aikata kai tsaye a asusun fansho na wurin aiki. Wanda ya fita cikin wata guda ana mayar masa da abin da aka cire masa, amma bayan kimanin shekara uku wanda ya ɗauke shi aiki zai sake saka shi, sai ya sake neman fita idan har yanzu ba ya so. Sai dai misalin da na fi son mai karatu ya riƙe shi ne na sa'o'in aiki. Dokar Birtaniya ta taƙaita aiki zuwa matsakaicin sa'a 48 a mako, amma ta ba ma'aikaci damar sa hannu kan takardar da ake kira "opt-out agreement". Wanda ya ɗauka cewa "opt out" kullum sauke nauyi ne zai sa hannu da murna, bai san cewa daga kariyar dokar ya fita ba, wato ya yarda a ba shi aikin da ya wuce sa'a 48. Saboda haka kada ido ya tsaya kan "opt out" kaɗai, a duba kalmar da ta biyo bayan "of", domin ita ce ke faɗa maka ko daga wahala kake fita ko daga inuwa.

A gida Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta samar da lamba 2442 a 2016 domin masu layi su tsame kansu daga saƙonnin talla da ba su nema ba. Wanda ya aika da kalmar STOP zuwa wannan lamba ya rufe ƙofar tallan, wanda ya aika da HELP kuma za a nuna masa rukunonin da zai iya zaɓa daga ciki. A saƙonnin imel kuwa kalmar da aka fi gani a can ƙasa da ƙananan haruffa ita ce "unsubscribe", wadda aikinta ɗaya da "opt out". A Amurka dokar da aka yi a 2003 kan saƙonnin talla ta wajabta wa kamfani ya daina aikawa cikin ranakun aiki goma bayan mutum ya nemi a cire shi, yayin da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta ƙi amincewa da shiru ko akwatin da aka riga aka yi wa alama a matsayin yarda, wato ta karkata ga "opt in".

Mataki na bakwai: rubuta naka

Idan za ka rubuta takardar janyewa da Turanci, abubuwa uku suka wajaba su fito: sunan tsarin daidai yadda yake a takardunsu, ranar da kake so janyewar ta fara aiki, da roƙon a tabbatar maka a rubuce. Jimla irin wannan ta isa: "I am writing to opt out of the staff welfare scheme with effect from 1 March. Please confirm in writing." Ma'anarta, ina rubutowa ne domin in janye daga shirin walwalar ma'aikata daga ranar 1 ga Maris, ina roƙon a tabbatar mini a rubuce. Ba dole ba ne ka kawo dalili, kuma ba ka bukatar cika takardar da ban-haƙuri, tunda dama ce da tsarin ya ba ka. Mu da muka taso cikin al'adar kunya da kara mukan ji nauyin cewa a'a kai tsaye, har mu yi ta kewaye-kewaye, amma a takardar hukuma kewayen yana iya sa mai karantawa ya kasa gane cewa fita kake nema, ya ajiye takardar, a ci gaba da cire maka kuɗi.

Idan magana ce ta baka tsakanin abokan aiki, ana sassauta ta da cewa "I think I'll opt out this time, thank you", wato a wannan karon dai ban da ni, na gode. Kalmomin "this time" suna barin ƙofa a buɗe domin wani karon.

Kafin ka miƙa takardar, duba ko tsarin yana da wa'adi, domin da yawa daga cikinsu suna ba da kwanaki ƙididdigaggu ne, idan suka wuce sai mutum ya jira zagaye na gaba. Jimlar da za ka nema a cikin sharuɗɗan takan zo da siga irin "You may opt out within 30 days" ko "unless you opt out", kuma ta biyun ita ce ke nuna cewa an riga an saka ka. Domin gwada kanka, ɗauki saƙonni uku na ƙarshe da banki ko kamfanin layi ya aiko maka, ka nemo furucin a ciki, ka rubuta a gefen kowanne abin da ya biyo bayan "of", da wa'adin da aka bayar, da kuma inda za ka kasance idan ba ka amsa ba. Bayan haka ka gina jimla uku naka na kanka, ɗaya da suna bayan "of", ɗaya da aikatau mai "ing", ɗaya kuma da "opt-out" mai karan ɗori, ka karanta su da ƙarfi kana rufe leɓɓa a kan "p".